Wace takarda ta dace da buga kundin kammala karatu, kuma yaya ake kare shi daga masu jabu?

Ɗalibar Aikin Gona, Yamai

Assalamu alaikum, iyayena da malamaina da ƴan'uwa. Ina neman shawararku a kan abubuwa biyu da suka haɗe mini wuri guda. Ina dab da kammala kundin masta a fannin aikin gona, a kan hanyoyin adana albasa a yankin Galmi, kuma malamin da ke duba aikina ya ba ni izinin buga kwafin da za a raba wa juri, wato kwamitin malaman da za su tantance aikin, kafin ranar da zan kare kundin a gabansu. Aikin ya kai shafi 120 da ɗoriya, a cikinsa akwai taswirori masu launi, da jadawalai masu ƙananan lambobi, da hotunan rumbunan da manoma ke kira rudu, waɗanda nake so su fito sarai domin a kansu aka gina rabin bayanin.

Da na zagaya wurin masu buga takardu, kowa da abin da ya faɗa mini. Wani ya ce takarda mai giram 80 ta wadatar, duk abin da ya wuce haka ɓarnar kuɗi ce. Wani ya ce kundin masta ba a buga shi a kan takardar fotokwafi, sai mai giram 120 mai sheƙi, domin juri su ga an girmama su. Wani kuma ya fito mini da wata takarda mai zane-zane a bayanta, ya ce takardar tsaro ce wadda ba a iya yin jabunta, farashinta kuwa ya ninka na sauran. Ni dai abin da nake so shi ne kwafin da zan ajiye a ɗakin karatu da wanda zan kai wa mahaifina su daɗe ba su yi ja ba, ba su kuma wargaje ba.

Abu na biyu ya fi damuna. Wata abokiyar karatuna ta tarar da aikinta sukutum a hannun wani a wata makaranta, an cire bangon farko da shafin godiya an sa wasu, sauran kuwa ko waƙafi ba a taɓa ba. Ga shi kuma ina shirin neman gurbin karatun dakta a waje, inda za a bukaci in aika da kwafin dipulom da takardun maki. Shin akwai irin takardar da ke kare kundi ko shaida daga masu jabu, ko kuwa a wani wuri dabam ya kamata in nemi kariyar? Allah ya saka da alheri.

Mai Ɗaurin Littafi, Yamai

Wa alaikumus salam, ƴata. Allah ya sa a kare lafiya, ya sanya albarka a karatun. Bugu da ɗaurin littafi sana'ata ce, don haka zan tsaya a kan tambayarki ta farko, ta biyun kuwa akwai waɗanda suka fi ni saninta.

Kafin komai, ki nemi ƙa'idar da sashenku ya rubuta game da girman rubutu, faɗin gefe da launin bango, domin ita ce gaba da duk abin da za mu faɗa a nan. Bayan haka, lambar da kike gani a jikin ram, wato ƙunshin takardun bugu, 70 ko 80 ko 100, nauyin murabba'in mita ɗaya na takardar ce a ma'aunin giram. Takardar A4, mai milimita 210 a faɗi da 297 a tsawo, kashi ɗaya ce cikin 16 na murabba'in mita, saboda haka falle ɗaya na mai giram 80 yana da nauyin giram 5, ram mai falle 500 kuma ya kamata ya kai kilo biyu da rabi. Wannan lissafi yana da amfani a kasuwa: idan kina shakkar abin da aka rubuta a jikin kwali, ki ɗora ram ɗin a kan sikeli, in kin ga bai wuce kilo biyu da giram 200 ba, to mai giram 70 ce aka naɗe da rigar 80.

Shawarata ita ce ki raba aikin gida biyu. Kwafin juri ki buga shi a kan mai giram 80, fuska ɗaya, a ɗaure da sifiral, wato murɗaɗɗen zoben roba ko waya, domin malamai za su yi rubutu a kai, za su naɗe shafi, kuma bayan kare kundi dole ne a yi gyara a sake bugawa. Kwafin ƙarshe, wanda zai zauna a ɗakin karatu da wanda za ki kai wa mahaifinki, shi ne ya cancanci mai giram 90 ko 100, musamman idan za a buga gaba da baya, don kada rubutun wancan shafi ya riƙa leƙowa ta wannan. Gwajin ba shi da wuya: ki ɗora falle marar rubutu a kan shafin da aka buga, in kina iya karanta na ƙasa ba tare da wahala ba, takardar ta yi siriri. Mai giram 120 kuwa ba na ba da shawararta ga kundi duka, saboda falle 120 na irinta suna da tauri, littafin ba ya kwanciya idan an buɗe shi, mai karatu ya yi ta danne shi da hannu har gindin ɗaurin ya tsage. Mai sheƙi ta fi muni. Hasken fitila yana dawowa cikin idon mai karatu, alƙalami ba ya kama ta, kuma da damina na sha ganin shafukanta sun manne da juna, in an ɓanɓare su hoton ya biyo. Taswirorinki da hotunan rudu za su fito da kyau a kan takarda mai laushin fuska marar sheƙi, mai giram 100.

Akwai wani abu da masu shago da yawa ba su kula da shi, wato inda zaren takarda ya dosa. A lokacin da ake yin takarda a masana'anta, zaruruwanta suna kwanciya ta fuska ɗaya, kamar yadda itace yake tsagewa cikin sauƙi ta tsawonsa amma ya ƙi ta gicciye. Ki yaga falle ɗaya daga sama zuwa ƙasa, sa'annan ki yaga wani daga gefe zuwa gefe: inda yagar ta tafi a miƙe, nan zaren ya dosa. Littafi yana so zaren ya bi tsawon gindinsa. Yawancin A4 da ke zuwa a ram haka suke, amma idan mai shago ya yanka A3 gida biyu don ya sami A4, zaren yana iya komawa gicciye, sai ki ga littafin ya yi tudu da kwari a gindi da zarar gam ya bushe.

Sai batun tawada, wanda a ganina ya kai batun takarda muhimmanci. Injin leza yana zuba garin tawada ne ya narka shi da zafi a jikin takarda, shi ya sa ruwa ba ya wanke shi. Injin feshi kuwa, in tawadarsa ta rini ce, ɗigon gumi ɗaya ya isa ya ɓata taswira, kuma launin yana kodewa a haske. Ki zaɓi leza, amma ki gwada shafi ɗaya tukuna: ki naɗe shi a kan rubutu, ki goga da farce. Idan baƙin ya tashi, to injin bai ɗauki zafin da ya kamata ba, ko don wuta ta yi rauni, ko don an sa takarda mai kauri ba a gaya wa injin ba. Kuma kada a buɗe ram sai lokacin bugu, domin da damina takarda tana shan danshi ta lanƙwashe, da hunturu kuma ta bushe fallaye su riƙa kama juna injin ya ja biyu-biyu.

A ƙarshe, ledar nan mai haske da ake sawa a gaban kundin sifiral tana cin rubutu. A zafin watan Afrilu da Mayu, in aka bar kundi a cikin mota ko a ƙarƙashin wasu littattafai, za ki ɗaga ledar ki tarar da sunanki ya bar takarda ya koma jikinta. A sa farin falle tsakaninsu. Kwafin ƙarshe kuwa a ɗinke shi da zare a sa bango mai tauri, a bar aƙalla santimita 3 a gefen hagu, domin ɗinki ya fi gam kaɗai ƙarko, kuma ba a iya zare shafi daga cikinsa a sa wani ba tare da alama ta nuna ba.

Tsohon Ma'ajin Takardu, Yamai

Sannu da ƙoƙari, ƴata. Malam mai ɗaurin littafi ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai zan ƙara a kan maganar daɗewa, domin nauyin takarda da farinta ba su ne ke nuna tsawon ranta ba. Farin nan mai ɗaukar ido, wanda yake kusan komawa shuɗi, wani sinadari ne ake zubawa domin ya ƙara haske, ba ya ƙara wa takarda ƙarfi ko kaɗan. Abubuwa biyu ne ke kashe takarda daga cikinta: asid, wanda ke tsinka zaruruwa har takarda ta riƙa karyewa a hannu, da lignin, wani ɓangare na itace da ke sa ta yin ja idan haske ya taɓa ta. Duk wanda ya taɓa barin jarida a taga ya ga aikin lignin, domin takardar jarida ba a cire mata shi.

Idan kika je sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar bincike ta IRSH a nan Yamai, inda aka tara dubban littattafan hannu, tarin da marigayi Boubou Hama ya assasa, za ki ga takardun da suka haura shekara 150 suna lanƙwasuwa ba su karye ba, alhali wasu rahotannin da aka buga a shekarun 1970 sun zama kamar an gasa su. Dalili shi ne tsoffin takardun da fatake suka kawo ta Sahara, waɗanda da yawa daga cikinsu a ƙasar Italiya aka yi su, daga tsumman lilin da makamantansu aka sarrafa su, ba daga itace ba. In aka ɗaga falle ga haske ana ganin jinjirin wata guda uku a cikin jikinsa, alamar masana'anta ke nan. Daga tsakiyar ƙarni na 19 aka koma yin takarda da itace, ana haɗawa da sinadarai masu asid, kuma ɗakunan ajiya na duniya har yau suna fama da abin da wannan ya jawo. An yi sa'a dai, daga wajajen shekarun 1980 yawancin masana'antu sun koma sarrafa takarda marar asid, don haka takardar ofis mai kyau ta yau ta fi ta zamanin ɗalibtarmu nesa ba kusa ba.

Abin da za ki duba a jikin kwalin ram shi ne ISO 9706, ko alamar takwas a kwance cikin da'ira. Wannan ƙa'ida ta 1994 ta shardanta cewa ma'aunin pH na takardar, wanda ke nuna yawan asid ɗinta, ya kasance tsakanin 7.5 da 10, ta ƙunshi aƙalla kashi 2 cikin ɗari na alli mai kashe asid, lignin ɗinta kuma ya zama kaɗan ƙwarai. Ba sai takarda mai tsada ba, akwai ram na yau da kullum masu ɗauke da wannan alama. In ba ki samu ba, ki nemi wadda aka rubuta cewa ba ta da asid, ki guji mai duhu-duhu wadda aka yi da tsoffin takardu.

Amma gaskiyar magana, a ƙasarmu abin da ke cinye kundi kafin asid ya kai gare shi shi ne gara da ruwa da ƙura. Waɗanda ke Harobanda, ƙetaren kogi a nan Yamai, ba su manta da ambaliyar 2020 ba, lokacin da kogi ya shiga unguwanni irin su Lamorde, mutane da yawa suka rasa takardun haihuwa da shaidun karatu a dare ɗaya. Kada ki ajiye takarda a ƙasa ko jingine da bangon laka. Akwatin ƙarfe a kan wani abu mai tudu ya fi, kuma a riƙa buɗe shi ana dubawa. Ki cire duk wani ƙarfen maƙala takarda, domin tsatsa yake yi ya huda shafi, haka ma robar ɗauri da salatif.

Ina kuma roƙonki, kada ki yarda a manne dipulom ɗinki cikin leda da injin zafi. Mutane suna yi da kyakkyawar niyya, amma ledar ba ta ɓanɓaruwa sai da fatar takarda, tana danne busasshen hatimin da ake ji da yatsa, tana hana a taɓa takardar a gane irinta, kuma akwai hukumomi da yawa a waje da ba su karɓar shaidar da aka yi wa haka. Ki sa ta a cikin aljihun leda wanda ake zarewa, irin mai lamba 5 a cikin alamar kusurwa uku, ba mai lamba 3 ba, domin mai lamba 3 ita ce irin wadda Malam ya ce tana cin rubutu. Rasit ɗin biyan kuɗin rajista da ƙananan injuna ke fitarwa kuwa ki yi musu fotokwafi tun yau, rubutunsu yana gushewa da zafi.

Ma'aikaciyar Rajista, Tawa

Ƙanwata, barka da wannan matsayi da kika kai. Ni aikina karɓar takardun ɗalibai da tantance su, don haka bari in gaya miki kai tsaye: takardar tsaron da ake sayarwa a shago ga duk wanda ya zo da kuɗinsa ba ta kare komai, tunda mai jabu ma yana iya sayen irinta gobe. Kada ki kashe kuɗinki a kanta. Takardar tsaro tana aiki ne idan hukuma ɗaya ce kaɗai ke da ita, an ƙidaya fallayenta, kowane falle da lambarsa, kuma an san wanda ke riƙe da mabuɗin inda take.

Ki ɗauki takardar kuɗi ta jika goma ta BCEAO, babban bankin da ke fitar da kuɗin sefa, ki duba, za ki fahimci abin da nake nufi. Da auduga aka yi ta, shi ya sa amonta a hannu ya bambanta da na takardar ofis. In kin ɗaga ta ga haske za ki ga hoto a cikin jikinta da zare da ya ratsa ta, waɗanda tun wajen sarrafa takardar aka sa su, ba bugawa aka yi daga baya ba. In aka haska ta da fitilar nan mai shuɗin haske ta banki, ba ta ƙyalli gaba ɗaya yadda takardar fotokwafi take yi, saboda ba a zuba mata sinadarin farin da Baba ma'ajin takardu ya ambata ba. Shaidun karatu na zamani suna aron wasu daga cikin waɗannan dabaru: siraran zane masu sarƙaƙiya da injin kwafi ba ya iya bi, rubutu ƙanƙane wanda ido ke gani kamar layi sai an sa madubin ƙara girma, da busasshen hatimi. Duk wannan aikin makarantar da ta ba da shaida ne, ɗalibi ba ya iya ƙara shi da kansa.

Duk da haka, a teburina ba waɗannan ne suka fi tona asirin masu jabu ba. Abin da ke kama su shi ne rajista. Kowace shaida ta gaskiya tana da lamba, lambar tana komawa ga takardar zaman juri mai kwanan wata da sa hannun malamai, kuma idan muka yi shakka, makarantar muke rubuta wa kai tsaye, ba ta hannun ɗalibin ba. A nan ne ake ganin lambar ta wani ce dabam, ko wanda aka ce ya sa hannu bai hau kujerar ba a wannan shekara, ko kwanan watan ya faɗa ranar da ba a aiki. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu, domin malaman zaure ma idan mutum ya zo da ijaza, wato shaidar izinin da malami ke ba ɗalibinsa, abin da ake tambaya shi ne a wurin wa ya yi karatu, shi kuma malamin daga wa ya karɓa, har a iske wanda zai shaida. Ki sani kuma kwafin da aka yi wa legalize da tambur a ma'aikatar magajin gari ko kwamisariya yana shaida ne cewa kwafin ya yi daidai da takardar da aka nuna, ba ya tabbatar da cewa ita takardar gaskiya ce. Haka nan amincewar da CAMES ke yi, hukumar ƙasashen Afirka mai kula da ilimi mai zurfi, wadda aka yanke shawarar kafawa a taron Yamai na 1968, tana kan dipulom ɗin makaranta ne a matsayin tsarin karatu, ba a kan fallen da ke hannun mutum ba.

Abin da ke hannunki shi ne wannan. Kada asalin dipulom ya kwana a hannun kowa, ki nuna ki karɓe. Duk kwafin da za ki bayar, ki rubuta a gicciye a kansa wurin da aka nufa da shi da kwanan wata, don kada a ɗauke shi a yi wani aiki da shi. Ki tabbatar sunanki da ranar haihuwarki iri ɗaya ne a takardar haihuwa, da shaidar bak ta kammala sakandare, da ta lasisi, wato digirin farko, da fasfo, domin bambancin harafi ɗaya yana sa a ɗauki mai gaskiya kamar mai jabu, kuma gyaransa yana cin lokaci. Sa'annan ranar farin ciki kada ki ɗora hoton dipulom a Facebook ko WhatsApp, domin lambarki da hatimi da sa hannun shugaban makaranta su ne ainihin abin da masu jabu ke nema. Dokar ƙasa tana hukunta wanda ya yi jabu da wanda ya yi amfani da shi yana sane, amma kafin a kai ga kotu mai shaidar gaskiya ya riga ya sha wahala.

Ɗalibar Aikin Gona, Yamai

Na gode ƙwarai, Baba mai ɗaurin littafi, da Baba ma'ajin takardu, da Yaya ta Tawa. Na fahimci batun takarda da na dipulom. Saura abin da ya sami abokiyata, domin shi ba dipulom aka yi wa jabu ba, kundin aka sace. Na yi tunanin in hana a sa nawa a intanet, in bar kwafin ɗakin karatu kaɗai, sa'annan in sa lambar QR a bango da sunana da babban rubutu a gicciye a bayan kowane shafi. Shin hakan zai wadatar?

Mai Aikin Kwamfuta, Yamai

Yaya, ki yi haƙuri, a nan ban goyi bayan shawararki ba, kuma ina ganin akasinta ne zai kare ki. Kundin da aka ɓoye shi ne ya fi daɗin sata, saboda babu inda wani malami zai ci karo da shi ya gane an kwafa, kuma manhajojin gano satar rubutu ba su iya kwatanta sabon aiki da abin da ba su taɓa gani ba. Ɓarawon ma ba daga intanet ya fi samu ba. Ki leƙa kwamfutar kowane shagon bugu da ke kusa da makaranta, za ki tarar da kundayen mutane jibge a fuskarta, kowanne a buɗe yadda za a iya canja suna cikin minti ɗaya.

Bayan kin kare kundi kin yi gyara, kuma da yardar malaminki, ki ajiye shi a ma'ajiya mai ba da kwanan wata wanda ba ke kika rubuta ba. Akwai DICAMES, ma'ajiyar intanet ta CAMES, akwai HAL ta ƙasar Faransa, akwai kuma Zenodo, wadda cibiyar binciken kimiyya ta Turai CERN ke gudanarwa tun 2013, tana ba kowane aiki lambar DOI, wato lambar gane shi ta dindindin a intanet, kyauta. Daga ranar, duk wanda ya fito da aikinki da sunansa, kwanan watan ajiyarki ya riga nasa, ga kuma takardar zaman juri da kwafin ɗakin karatu suna mara miki baya. Ki ajiye fayil ɗin a tsarin PDF/A, wanda aka tsara musamman domin ajiya mai tsawo, yana ɗauke da haruffansa a cikinsa, saboda haka shafuka ba su sauyawa daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Ki kuma fitar da lambar SHA-256 ta fayil ɗin, wato jerin haruffa da lambobi 64 da kowace kwamfuta ke iya lissafawa, waɗanda ke sauyawa gaba ɗaya in an taɓa ko ɗigo ɗaya a cikin kundin. Ki aika wa malaminki fayil ɗin da lambar ta imel, saƙon ya zama shaida a wurin mutum biyu. Littattafan da kika yi rubutu a gonakin Galmi, da asalin hotunan da ke wayarki masu kwanan wata, su ma kada ki zubar, domin wanda ya saci kundi ba ya da su.

Lambar QR kuwa, adireshi ne kawai aka mai da shi zane, kowa yana iya yin tasa cikin daƙiƙa kaɗan. Tana da amfani idan tana kai mutum ga shafin ma'ajiyar da kika sa aikin, amma ba hujja ba ce a kan kanta. Wannan ya shafi dipulom ma, Yaya ta Tawa: mai jabu yana iya buɗe shafi mai kama da na makaranta ya sa QR ɗinsa ta kai can, don haka mai tantancewa ya karanta adireshin da ya buɗe harafi bayan harafi, ko ya shiga shafin makarantar da kansa ya rubuta lambar shaidar.

Mai Ɗaurin Littafi, Yamai

Ƴata, maganar yaron nan a kan kwamfutocin shago gaskiya ce, kuma mu masu sana'ar ya kamata mu gyara. Ki zo da PDF kaɗai a kan kile, wato ƴar na'urar ajiya ta USB, kada ki aika ta WhatsApp zuwa wayar mai shago, ki tsaya a buga a gabanki, a goge fayil ɗin har daga kwandon shara na kwamfutar, ki kuma tattara shafukan da suka lalace ki tafi da su, domin daga irinsu ake haɗa kundi guda. Babban suna a gicciye a bayan rubutu ba na son sa, yana gajiyar da idon juri, yana ɓata taswira, ga cin tawada. Abin da ya fi shi ne ƙaramin layi a ƙasan kowane shafi mai ɗauke da sunanki da taken aikin da shekara, tare da lambar shafi a rubuce kamar 37 cikin 124, yadda ba za a cire ko a ƙara falle ba a gane ba. Ki bar santimita 2 a ƙarƙashin wannan layi, domin bayan ɗinki muna datse gefunan littafi da wuƙar inji, kuma ki ƙidaya shafukan da hannunki kafin ki miƙa a ɗinke.